Babi na Huɗu: Me Ƙadangare Ya Yi Maka?

Duk wanda ya yi ƙuruciya a Gwandu ya san yadda ake kama ƙadangare. Ba a bin sa da gudu, don ba za a cim masa ba. Dogon kara ake samu, a zaro gashi ɗaya daga wutsiyar doki ko a tsaga kaba siriri, a yi zarge a ɗaura a bakin karan. Sai a lallaɓa jikin katanga da hantsi, lokacin da kiski ya fito shan rana yana gyaɗa jan kansa, a zura masa zargen ta sama a hankali. Shi kuma don wauta sai ya tsaya kallon abin, wani lokaci har ya kai masa cafka yana zaton ƙwaro ne. Fizga ɗaya, sai ga shi a sama yana wutsil-wutsil.

Abin da ke biyo baya shi ne wanda babba ba ya son tunawa. Mu biyar ne ko shida a lungunmu, ba nisa da hubbaren Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, babbanmu bai wuce shekara tara ba. Mukan ja ƙadangaren a ƙasa mu ce dokinmu ne. Mukan ɗura masa garin taba mu ga yadda zai yi tangaɗi. Wanda ya taɓa zuwa asibiti a cikinmu shi ne likita, ƙayar aduwa ce allurarsa. In mun gaji, sai jifa.

Wata rana kakata ta wajen uwa, wadda duk gidan ke kira Inna, ta fito zubar da toka ta same ni da karan a hannu. Sauran suka watse. Na runtse ido ina jiran mari, sai na ji ta durƙusa kusa da ni.

"Mi ƙadangare yay yi ma?"

Ba ni da amsa. Ta kama ɗan yatsana ta ɗora a haƙarƙarinsa. Cikinsa na hawa da sauka da sauri-sauri, kamar na jaririn da ya sha kuka.

"Ka ji? Tsoro shika ji, irin wanda kaka ji in an ce ga wanzami nan."

Ta sa ni na kwance zargen da hannuna. Ƙarya zan yi in na ce daga ranar na daina. Amma duk lokacin da na sake, sai na ji wannan bugun a yatsana, wasan kuma ya rage daɗi, har na bar shi ba tare da na san ranar da na bari ba.

Na daɗe da girma kafin in gane cewa abin da Inna ta yi a tsugune, da toka a hannu, shi ne abin da masana rayuwar yara suka yi shekaru suna aunawa.

Mu fara daga ƙasa, daga ɗan shekara biyu da aka bari a tsakar gida da 'yan tsaki. Zai cafki ɗaya ya matse, ɗan tsakon ya yi ƙara, shi ya ƙyalƙyale da dariya ya ƙara matsewa. Uwa ta fito daga madafa ta tarar da gawa, ta ce, "Wannan yaro mugu ne." Alhali abin da yaron ya gano kawai shi ne, in ya matsa, abin yana ƙara, kamar yadda kwano ke ƙara in ya buga shi da ludayi. Hannunsa bai san iyakar ƙarfinsa ba tukuna. Bai kuma san mutuwa ba. A 1984 Mark Speece da Sandor Brent suka tattara binciken da aka yi a kan yadda yara ke fahimtar mutuwa, suka ga yawancinsu sai tsakanin shekara biyar zuwa bakwai suke gane cewa wanda ya mutu ba ya dawowa, kuma ba ya ci, ba ya motsi, ba ya jin komai. Shi ya sa za ka ga yaron da ya kashe ɗan tsako ya kawo masa tsaki da ruwa yana cewa ya tashi.

Richard Tremblay na Jami'ar Montreal a Kanada ya shafe shekaru yana bin dubban yara tun suna jarirai. Ya tarar cewa duka da cizo da hankaɗa sun fi yawa a wajen shekara biyu zuwa uku, daga nan sai su riƙa raguwa. Wato ba a samartaka mutum ya fi kai hannu ba, yana ɗan yaye ne. Sa'ar da aka yi ita ce a lokacin ba shi da ƙarfi. Duk wadda ta yi raino ta san haka ba sai an gaya mata ba. Aikin shekarun farko shi ne yaro ya koyi riƙe hannunsa, kuma daga manya yake koya.

Amma ba da kai hannu kaɗai ake haihuwar ɗan Adam ba. A 1971 Marvin Simner ya nuna cewa jariri ɗan kwana biyu ko uku ya fi fashewa da kuka in ya ji kukan wani jariri a kan in ya ji wata ƙara mai ƙarfi iri ɗaya. Ƙwayar tausayi tana nan tun ran gini, sai dai tana bukatar ban-ruwa. Wane irin ban-ruwa? A 1979 Carolyn Zahn-Waxler da Marian Radke-Yarrow da Robert King, a Amurka, suka sa uwayen yara goma sha shida, 'yan shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da rabi, su riƙa ajiye bayanin duk lokacin da ɗansu ya cuci wani ko ya ga wani cikin wahala, da abin da su uwayen suka yi. Yaran da aka fi samu suna lallashi da gyara ɓarnarsu su ne waɗanda uwarsu kan nuna musu a fuska da murya cewa abin ya dame ta, sannan ta faɗi dalili: ka ga ka sa ta kuka, cizo da zafi. Tsawa tsagwaronta ba bayani ba ta haifar da haka ba. Bayani a sanyaye, kamar ana karanta sanarwa, shi ma bai yi ba. Yara goma sha shida ba su da yawa, na sani, amma binciken da ya biyo baya bai kauce daga wannan hanya ba. Inna ba ta taɓa jin sunan waɗannan mutane ba, ta dai haɗa biyun: ranta ya ɓaci, kuma ta ɗora yatsana a inda zan ji dalili.

To me ya sa Turawa suka tsorata da al'amarin yara masu cutar dabbobi har ya shiga finafinai? Tsoron tsoho ne. Tun 1693 John Locke ya gargaɗi iyaye a littafinsa na tarbiyya cewa yaron da ya saba azabtar da tsuntsaye zuciyarsa za ta bushe har ga mutane. A 1751 mai zane William Hogarth ya fitar da hotuna huɗu a Landan, na yaron da ya fara da kare, ya koma doki, ya kashe mace, ya ƙare a hannun masu rataya. Sai a 1963 wani likitan ƙwaƙwalwa a jihar Kolorado, John Macdonald, ya duba marasa lafiya ɗari da suka yi barazanar kisa, ya ce a cikin mafi tsananinsu yakan ga abu uku a ƙuruciyarsu: cutar dabbobi, cinna wuta, da fitsarin kwance. Magana ta yi fiffike. Aka riƙa cewa waɗannan uku su ne tambarin mai kisan kai. Binciken da ya biyo baya bai tabbatar da haka ba, kuma ina roƙon iyaye su cire fitsarin kwance daga wannan lissafi gaba ɗaya; yaron da ke jiƙa tabarma kunyar da yake sha ta ishe shi.

Akwai dai ƙamshin gaskiya a ciki. A 1987 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa cutar dabbobi cikin alamomin lalurar kangarewar ɗabi'a a yara, kuma tana cikin alamomin da kan fara bayyana da wuri, wajen shekara shida da rabi. A 1999 Arnold Arluke da abokansa suka bi tarihin mutum 153 da aka gurfanar a jihar Masacusets saboda zaluntar dabbobi, suka kwatanta su da maƙwabtansu. Sun ninka maƙwabtan sau biyar wajen laifin cutar da mutane. Sai dai ba a ga tsani ba, wato a fara da dabba sannan a hau kan mutum. Wasu da mutum suka fara. Zaluncin ne guda, yana sauka a duk inda ya samu rauni.

Wannan ya kawo ni Kalgo.

Da rani ne, ina tsaye bakin titi kusa da inda hanyar Bunza ta rabu, ina jiran mota. Wani yaro, bai fi shekara goma ko sha ɗaya ba, ya biyo da jaki ɗauke da mangalar yashi. Jakin na da miki a gindin wutsiya, ƙudaje na bi. Jakin bai tsaya ba, bai kauce ba, tafiyarsa yake yi. Yaron ya waiga dama, ya waiga hagu, sannan ya saita sandarsa daidai kan mikin ya soka. Bai yi dariya ba. Fuskarsa ba fushi ba murna, kamar mai ɗaure igiya. Ya bari suka yi taku goma, ya sake.

Wani ɗan kabu-kabu da ke gefena ya diro daga babur, ya fizge sandar, ya zuba wa yaron biyu a baya. "Ka ji in da daɗi!" Yaron bai yi kuka ba, bai ma kare ba, ya dai sunkuyar da kai ya ƙanƙame kafaɗu, irin na wanda ya san yadda ake karɓar duka. Garin kokawar rigarsa ta ɗage. Bayan nan duk shatar bulala ne, wasu sun yi baƙi sun warke, wasu ɗanyu. Wani dattijo mai sayar da goro ya ɗaga hannu ya ce wa ɗan kabu-kabun, "Bar shi, ɗana. Wanga an riga ka."

Aka miƙa wa yaron sandarsa. Ina kallonsa har ya yi nisa, kuma kafin ya sha kwana na ga hannun ya sake ɗagawa.

Hausawa kan ce an bar jaki ana dukan taiki. A nan jakin ne taikin. Wanda yaron ke son rama wa ya fi ƙarfinsa, sai ya nemi wanda ba ya ramawa kuma ba ya kai ƙara. Bambancinsa da mu 'yan lungun Gwandu a bayyane yake ga mai lura. Mu a taro muke yi, da ihu, kowa na son a ce ya iya. Shi kaɗai yake yi, sai ya duba ba mai ganinsa, kuma ya san daidai inda ya fi zafi. Wanda ya san inda ya fi zafi ba jahilcin ɗan yaye ke damun sa ba.

Masana sun ga irin wannan tun a ƙananan shekaru. A 1985 Mary Main da Carol George suka lura da yara ashirin 'yan shekara ɗaya zuwa uku a gidajen raino a Amurka, goma daga cikinsu an san ana dukansu a gida, goma kuma daga gidajen da ke cikin ƙunci amma ba duka. Idan wani yaro ya fashe da kuka, 'yan rukuni na biyu sukan nuna damuwa, wani ya matso ya shafa shi. A cikin goman da ake duka, ko ɗaya bai nuna damuwa ba. Wasu tsoro suka ji, wasu fushi, wasu kuma suka kai wa mai kukan duka. Tun kafin su iya magana sosai sun koyi cewa amsar kuka ita ce mari. A jihar New Jersey kuma, a 1983, aka shiga gidaje 53 da hukuma ke sa wa ido saboda cutar da yara. A gidajen da dukan yara ya tabbata, kashi 88 cikin ɗari ana cutar da dabbobin gidan ma. Frank Ascione ya tambayi mata 38 da suka gudu daga dukan miji zuwa wata mafaka a jihar Utah. A cikin masu 'ya'ya, kusan ɗaya cikin uku ta ce ɗanta ya taɓa raunata ko kashe dabbar gida.

Kada mai karatu ya ɗauki wannan ya fara zargin maƙwabcinsa. Babban binciken da ya fi kwantar mini da hankali shi ne na Birtaniya da Fiona McEwen da Terrie Moffitt da Louise Arseneault suka wallafa a 2014, inda aka bi tagwaye 2,232 daga shekara biyar zuwa sha biyu. Kashi tara cikin ɗari ne aka samu da cutar dabbobi. Waɗannan sun fi sauran yiwuwar kasancewa ana cutar da su a gida, amma fiye da rabinsu ba a cutar da su. Abin da ke ƙara nauyin zato shi ne shekaru da naci: ɗan shekara goma sha biyu da har yanzu yake yi ya fi ɗan shekara biyar bukatar a bincika. Mu kuwa a nan ba mu da bakin cewa duka baƙon abu ne. Binciken ƙasa da Hukumar Ƙidaya ta yi a 2014 tare da UNICEF ya nuna cewa yara shida cikin goma a Najeriya suna gamuwa da wani nau'in cin zarafi kafin su kai sha takwas, kuma rabin yara duka ne ke samunsu.

Sai dai ma'aunin da aka ƙera a ƙasar da kare ke kwana kan gado ba a ɗauko shi a dasa a fadamar Kalgo ba gyara. Yaron da uban ya tura gonar shinkafa tun asuba da danƙo da gwangwani don korar jan-baki, abincin shekara yake karewa. Wanda ya ga abin da garken tsuntsayen nan ke yi wa gona a yini ɗaya ba zai kira shi azzalumi ba. Yarinyar da ke kama fara ta soya, da yaron da ke riƙe ƙafar rago ranar layya, ba su cikin wannan babi. Ascione da kansa, da ya zo fayyace zaluntar dabba a 1993, ya sa sharaɗin ganganci, da rashin bukata, da kuma cewa al'umma ba ta yarda da abin ba.

Mu kuma muna da namu ma'aunin, ya girmi nasu. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan Gwandu tun zamanin masu jihadi, ya sauko har kan ƙwarƙwata: an karhanta kashe ta da wuta. Ya karhanta kashe kwaɗi, ya ce tururuwa ma a bar ta ya fi sai in ta yi cuta. Hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle kowa ya haddace shi. Wanda ba a cika kawowa ba, kuma shi ya fi dacewa da yara, shi ne na Abdullahi ɗan Umar, da ya iske wasu samari sun ɗaure tsuntsu suna gwada harbi a kansa, suka watse da ganinsa, ya sanar cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya la'anci mai mai da abu mai rai abin gwajin harbi. Ga kuma ƙanen Anas ɗan Malik, Abu Umair, yaro ƙarami mai ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu Manzon Allah ya lura da baƙin cikinsa, ya tambaye shi labarin tsuntsun. Bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba.

Matsalarmu ba rashin nassi ba ce. Yaro ba ya karanta Risala, manya yake karantawa. Yana gani babba ya ga kare na wucewa, kare bai ce masa komai ba, ya sunkuya ya ɗauki dutse. Yana ji ana cewa baƙar mussa mayya ce, mujiya kuma mai kiran mutuwa. An gaya masa akwai lada a kashe tsaka, wanda ya zo a hadisi, ba a gaya masa cewa ƙadangare ba tsaka ba ne, ba a kuma gaya masa cewa ko abin da aka halatta kashewa ba a halatta wasa da ransa ba. Mu dai a lungunmu lada muke cewa muna nema.

Hujjar da ta fi gamsar da ni cewa yara daga manya suke ɗaukar iyaka ita ce shamuwa. Takan zo gab da damina ta yi sheƙa a bishiyar tsakiyar gari, ƙasa-ƙasa, inda ɗan shekara takwas zai same ta da dutse ido rufe. Ga ta babba, ga ta ba ta gudu. Amma mu da muka addabi ƙadangaru ba wanda ya taɓa ɗaga mata danƙo, saboda tun muna goye muke jin cewa ita ke zuwa da ruwa, ba a taɓa ta. Ba a taɓa dukan kowa a kan shamuwa ba a saninmu. An dai nuna mana tana da daraja, muka yarda. Hannun da ya iya tsallake shamuwa zai iya tsallake kwikwiyo, in an gaya masa.

Shekara bakwai ita ce kan iyakar da hanyoyi da yawa suka haɗu a kai. A nan ake umartar yaro da salla. Kundin dokar laifuka na Arewa, wanda ya fara aiki a 1960, ya mai da azabtar da dabbar gida laifi, amma bai ɗora laifi a kan wanda bai kai bakwai ba. A nan ne kuma masana suka ce fahimtar mutuwa ke kammala. Mu mukan ce yaro ya yi wayo. Kafin nan, abin da ake bukata shi ne ido da hannu: kada a bar ɗan yaye shi kaɗai da 'yan tsaki, a kama hannunsa a nuna masa yadda ake shafawa, in ya yi ɓarna a bar shi ya ga ranka ya ɓaci kuma a faɗa masa dalili. In ya ɗan tasa a ba shi abin kiwo nasa na kansa, ko tattabara biyu ko 'yar akuya. Wannan tsohuwar dabara ce ta ƙauyukanmu, inda kaka kan ba jika 'yar tunkiya ta ce taka ce, kuma wanda ya taɓa kwana bai yi barci ba don akuyarsa na naƙuda da wuya ya soki miki da sanda.

Bayan bakwai kuwa, in abin ya ƙi ƙarewa, yana yi shi kaɗai a ɓoye, yana zaɓen dabbar da ta saba da shi, yana ƙonawa ko yankewa, an yi masa magana ba ya nuna ko a jikinsa, to wannan ya wuce "yaro ne, zai daina". Ya kuma wuce bulala, domin ɗan kabu-kabun Kalgo da kyakkyawar niyya ya yi, amma darasin da ya maimaita wa yaron shi ne wanda ya riga ya haddace: mai sanda shi ke da iko da marar sanda. Irin wannan yaro yana bukatar babba guda da zai zauna da shi, kawu ko gwaggo ko malaminsa, ya bincika a ina yake kwana, wa yake yi wa aiki, wa yake tsoro. In abin ya fi ƙarfin gida, a sa mai unguwa ko liman a ciki, a kuma kai shi ga likitan yara. Daga Kalgo zuwa Birnin Kebbi ba wata tafiya ba ce.

Saboda haka, ɗan'uwa, ran da ka iske yaro a kan kare ko jaki, ka karɓe sandar, wannan wajibi ne, dabbar ma tana da hakki. Amma kafin ka ɗaga ta a kansa, tambaye shi me dabbar ta yi masa, ka jira amsa. Sannan ka ɗaga rigarsa ka duba bayansa.